Tambaya da Amsa: Sayar da Gwanjo ta Waya Daga Ƙauye

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, ina zaune a wani ƙauye da ke kusa da Gujungu a jihar Jigawa. Shekara biyu ke nan ina sayar da gwanjon yara da na mata a cikin gida, abin da ya rage kuma yara su kai mini kasuwa ranar Lahadi. Damuwata ita ce mutanenmu ba sa sayen kaya mai kyau da kuɗinsa, domin duk rigar da na ɗaga, ko da kamar sabuwa take, sai a taya ta tayin tsumma. Ƙanina da ke karatu a Dutse ya buɗe mini shafi a Facebook da Jiji, na sa hotuna kusan talatin, amma yau wata biyu ko ɗaya ban sayar ba, sai dai a tambaye ni “nawa ne?” a ɓace. Yanzu na kwashi adashi, maigidana kuma yana ganin in sayo dila guda a Kano in fasa da kaina, wai ta fi riba. Shin in sayi dilar? Kuma me ya hana a saya a waya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa nema albarka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, tunda kuɗin yana hannunki: kada ki sayi dila yanzu. Maigidanki bai yi kuskure ba da ya ce riba tana cikin dila, sai dai ribar tana zuwa ne ga wanda yake da mai sayen kowane kashi na abin da ke cikinta, ke kuwa ba ki kai nan ba tukuna.

Dila a ɗaure take zuwa, an matse ta da inji an ɗaɗɗaure tun daga ƙasar da aka tace kayan, ko Ingila ko Amurka ko China ko Koriya. Akwai mai kilo 45, akwai mai 55, akwai manya masu kaiwa 100, kuma abin da aka rubuta a jikinta bai wuce nau'in kayan da darajarsu ba. Ba a kwance miki ki gani kafin ki biya, saboda haka cinikin biri a sama ne. Idan aka fasa, kusan kullum kashi uku take bayarwa: na kai, waɗanda ido ke faɗawa kansu nan take, na tsakiya, masu kyau amma ba su da abin ɗaukar hankali, sai na ƙasa, masu tabo da masu yagewa da waɗanda ba su dace da suturarmu ba, irin guntayen siket da riguna marasa hannu. Ɗan gwanjon kasuwar Kofar Wambai da ke Kano yana da masu zaɓe da ke kwashe na kai tun da safe, yana da 'yan sarin ƙauyuka masu ɗibar na tsakiya, na ƙasa kuma ya kasa su a ƙasa ya sayar da araha kafin magariba. Ke idan kika yi rashin sa'a na ƙasan suka yi yawa, a ɗakinki za su zauna, adashin kuma ba ya jiran wanda kayansa suka yi kwantai.

Ga kuma wani abu da ya kamata ki sani game da farashi. Gwanjo yana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa mafi yawansa yake sauka a Kwatano da Lome sannan ya biyo ta ƙasa. Duk abin da ya taɓa iyaka ko canjin kuɗi, sai ya taɓa dila. 'Yan kasuwa ba su manta da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba, haka kuma faɗuwar darajar naira da cire tallafin mai a 2023 sun ɗaga kuɗin kaya da na mota a lokaci guda. Mai ƙaramin jari da ya zuba kuɗinsa duka a dila ɗaya ba shi da inda zai juya idan kasuwa ta motsa.

Shawarata ita ce ki shiga sahun masu zaɓe. Ki je Kofar Wambai da kanki, ko ke da maigidan, da sassafe, ki tsaya inda ake fasa dila ki tsinci abin da idonki ya yarda da shi. Za ki biya kowace riga fiye da yadda za ta zo miki a dila, amma ba za ki biya kuɗin tsumma ba. Da ɗan gari akan ci gari, don haka ki nemi mutum ɗaya ko biyu masu fasa irin kayanki, ki karɓi lambarsu, su riƙa sanar da ke ranar da za su fasa, domin wanda ya zo da azahar abin da wasu suka ajiye yake ɗauka. Wajen dubawa kada ki bari hayaniya ta sa ki gaggawa. Ki ɗaga rigar saitin rana don ƙananan huda su bayyana, ki duba hammata da wuya da bakin hannu, ki ja zif sama da ƙasa, ki zura hannu a aljihu, ki ja robar ƙugu ki ga ko ta saki. Wandon yara a gwiwa da tsakanin ƙafafu yake fara mutuwa, nan za ki fara kai ido.

Sai mu zo ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Ba duk abin da ake sayarwa a tsakar gida ba ne yake sayuwa a waya, kuma abin da ke raba su shi ne kuɗin mota. A ce rigar yaro za ki sayar naira 1,500, aika ta zuwa Kano kuma ya ci naira 2,000. Babu mai hankalin da zai biya 3,500 a kan abin da zai samu a bakin titin unguwarsu. Amma a ce jaket ce mai nauyi ko abaya ko bargo da za ki sayar naira 12,000, wannan 2,000 ɗin ba za ta tsorata mai saye ba. Lambobin nan misali ne kawai, ke kika san na yau, amma lissafin ba ya canzawa: kayan da za ki sa a intanet dole ne su iya ɗaukar nauyin kuɗin motarsu. Jaket da suwaita masu kyau, abaya, dogayen riguna, wandon jins mai suna, zanin gado, labule, bargo, su ne 'yan waya. Kayan yara kuwa ki haɗa su biyar ko shida na shekaru ɗaya ki sayar a dunƙule, domin uwa ta fi son ta biya kuɗin aike sau ɗaya ta tufatar da ɗanta. Sauran duk ki bar wa Gujungu da tsakar gidanki, can ne kasuwarsu, kuma babu abin kunya a ciki. Ina zaton hotunan nan talatin da kika sa, akasarinsu 'yan Gujungu ne kika kai su inda ba a san su ba.

Abu na biyu shi ne yadda aka gina su kansu shafukan. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014 ya kuma haɗiye harkar wani shafin talla irinsa mai suna OLX a Najeriya a 2019, allon talla ne: kina sa kaya da lambar waya, mai saye ya kira, ku daidaita tsakaninku. Shafin ba ya riƙe kuɗi a tsakani, har ma gargaɗi yake yi wa masu saye cewa kada su biya kafin su ga kaya, su haɗu da mai sayarwa a wurin da jama'a suke. Marketplace na Facebook kuma yana fara nuna wa mutum kayan da ke kusa da inda yake. To ki duba matsayinki: masu kuɗin sayen kayanki suna Kano da Dutse da Haɗejia, ke kina ƙauye, an kuma ja musu kunne kada su tura wa baƙo kuɗi. Ba ƙin kayanki suka yi ba, hanyar da za su karɓa ce ba su gani ba.

Maganin wannan yana hannun ƙanin nan naki. Ki mayar da shi, ko wani ɗan'uwa mai shago a Kano, wurin karɓar kaya. Ki rubuta a tallar cewa ana karɓa a Dutse ranar kaza, mai saye ya gani da idonsa sannan ya biya. Sai ki tara odar mako ki aika gaba ɗaya, kuɗin mota ya rabu a kansu. Ki yanka wa yaron la'adarsa tun farko, ko kaɗan ce, saboda aikin da ake yi don kunya ba ya daɗewa, ga shi kuma ɗalibi ne mai jarrabawa a gabansa.

Ni kam da zan tsara miki, da WhatsApp zan ce ki fara, sauran su biyo baya. Sitatus awa 24 yake yi, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai suke gani, wato mutanen da suka san ki ko suka san wanda ya san ki. Malaman makaranta mata, ma'aikatan asibiti, matan ma'aikata a Ringim da Taura da Jahun, su ne masu albashi, kuma su ne masu son kaya mai kyau ba tare da an gan su sun durƙusa a gaban tulin gwanjo ba. Wannan kunyar kuwa ita ce rabin kasuwarki. Akwai WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashinsu yadda ba za su ɓace bayan kwana ɗaya ba. Duk wadda ta saya ta ji daɗi, ki roƙe ta ta ba ƙawayenta lambarki.

Yanzu ga batun hoto. A kasuwa mai saye yana ɗagawa, ya murza yadin da yatsa, ya kara a jikinsa, wani har ya shinshina. A waya duk an ƙwace masa waɗannan, ke ce za ki yi masa su. Ki fara wanke kayan, domin warin nan na gwanjo, wanda ke zuwa daga maganin da ake fesawa da daɗewa a matse, shi ne abin da ya fara tarbar mai buɗe leda. Ki shanya su sha iska, masu duhu a inuwa don kada su koɗe, na ulu kuma kada su ga ruwan zafi, ƙanƙancewa suke yi. Sannan ki goge. Idan dutsen gawayi ne, ki shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya mayar da rigar dubu goma ta dubu biyu. Ki ɗauki hoton da hantsi, a inuwar da haske ke shiga, rigar tana rataye a hanga jikin bango mai launi ɗaya ko a kan farin zani. Kada ki ɗauka da dare da fitilar waya, tana canza launi, kada kuma turmi ko bokiti ko akuya su fito a baya. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki kafin ki fara; abu ne ƙarami amma yawancin hotunan da nake gani masu hazo daga nan ne. Kowace riga hoto huɗu: gaba, baya, tambarin wuya, sai kuma aibinta idan tana da shi.

Awo ma haka. Kada ki dogara da lambar da ke wuyan riga, domin kowace ƙasa da nata lissafin. Rigar mace da aka rubuta wa 12 a Ingila ita ce 8 a Amurka, ita ce kuma wajen 40 a yawancin ƙasashen Turai, L ɗin China kuwa sau da yawa ba ta kai L ɗin Amurka ba. A kayan yara na Turai, idan kika ga 104 ko 116, tsawon yaron ne da santimita, ba wani abu ba. 104 na ɗan shekara huɗu ne ko kusa da haka. Ki sayi tef irin na tela, ki shimfiɗa rigar, ki auna daga hammata zuwa hammata ki ninka biyu, ki auna tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa, da tsawon hannu, wando kuma ƙugu da tsawo. Ki rubuta da inci, tunda shi telolinmu suke amfani da shi, kuma kowace mace ta san awonta ko tana iya tambayar telanta.

Masu “nawa ne?” da suke ɓacewa, ina kyautata zaton ba ki rubuta farashi ba ne. Mai dubawa a waya yana wuce talla goma a minti guda, ba zai jira ki samu caji ko sabis ya dawo ba. Ki rubuta kuɗin a fili, ki bar ɗan wurin ragi tunda Bahaushe ba ya jin ya yi ciniki sai an rage masa, amma kada ki ninka kamar yadda ake yi a kasuwa, saboda a nan babu damar da za ki kira shi ya dawo bayan kin ce albarka. Ki kuma sa wa kanki lokacin amsa saƙo, ko da sau biyu ne a rana, ki faɗa a shafin.

Batun aibi kuwa ba na sassauta shi. Na taɓa sayen baƙar abaya a wurin wata mai talla a waya, hoton kamar daga shago. Da ta iso sai na tarar da shatin dutsen guga a bayanta, daidai inda hoton bai nuna ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ta faɗa mini da na saya, domin mayafi yana rufe wurin, ragi kawai zan nema. Ban koma ba, kuma duk wadda ta tambaye ni na gaya mata. Addini ma ya riga ya yanke hukunci, tun ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zura hannu a tulin abinci ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ki ɗauki hoton tabon da yatsanki a kusa don a ga girmansa, ki rage kuɗin daidai da shi.

Lokaci ma yana da nasa. Kayan sanyi ki saro su tun Oktoba, kafin hunturu ya sauka farashinsu ya tashi, ki kuma rabu da su kafin ƙarshen Fabrairu ko da uwar kuɗi ce kawai za ta dawo. Gab da komawa makaranta a Satumba ana neman fararen riguna da safa da jakunkuna. Gab da Sallah kuwa hankalin mutane yana kan sabon ɗinki, sai dai ƙananan kayan yara na yawon Sallah. Duk abin da ya yi mako huɗu a waya ba a taya ba, ki sauke shi ya tafi Gujungu. Ki ajiye littafi ki rubuta kuɗin saye, da na mota, da sabulu da gawayi da data da leda, domin mata da yawa suna kiran abu riba alhali ba su cire waɗannan ba. Ranar da littafin ya nuna miki wata uku a jere kina sayar da na kai a waya, na tsakiya a gida, na ƙasa a kasuwa, sai ki koma wa maigidan ku yi maganar dila.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni matashi ne daga yankin Dambatta, ina sayar da ƙananan kaya na maza a Facebook. Wani ya turo mini hoton shaidar biyan kuɗi, har saƙo ya shigo wayata, na ba direba kaya, daga baya na ga babu ko kwabo a asusuna. Wani kuma ya ce kayan ba su iso ba, direba ya ce ya bayar. Yaya zan kare kaina?

Amsa: Ɗana, Allah ya mayar da alheri. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga tiransifa, masu alat na bogi suka samu kasuwa. Hoton rasit ana ƙirƙirarsa, saƙon waya ma ana iya turo shi da sunan da ya yi kama da na banki. Shaida ɗaya ce tak: ka buɗe manhajar bankinka, ko OPay ne ko Moniepoint ko wani, ka ga kuɗin sun hau kan abin da kake da shi. Idan aka ce maka sabis ne ya riƙe, ka ce kaya ma sabis ya riƙe su. Kuma kowa ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka a waya don ya kammala biya, ɓarawo ne, domin karɓar kuɗi ba ya buƙatar komai sai lambar asusu. Haka wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kuɗin, ka mayar masa da ragowa: ka duba asusun tukuna.

Wajen aike, kada ka tare mota a bakin hanya. Ka shiga tasha, ka ba da kaya a gaban 'yan ƙungiyar direbobi ko ɗan kamashon da ya san ka, yadda gobe akwai wanda za ka tambaya. Ka ɗauki hoton kayan kafin ka ɗaure, da bayan ka ɗaure da suna da lambar mai karɓa a jikin ledar, da lambar motar, ka tura wa mai saye duka tare da lambar direba. Ka ce wa direban kada ya miƙa wa kowa sai ya kira lambar da ke jikin ledar ya ji ta yi ƙara a hannun mai karɓa. Wanda bai yarda ya biya duka ba, ya ba da kafin alƙalamin da zai ɗauke kuɗin mota zuwa da dawowa, ragowar ya tura kafin direba ya sakar masa. Ku kuma yi magana a rubuce kan mayar da kaya tun kafin su tashi: idan aibi ne da ba ka faɗa ba, kai za ka ɗauki asarar, idan ka ba da awo daidai shi ne bai auna kansa ba, canji kawai za ka yi masa, kuɗin mota a wuyansa.

Tambaya: Hajiya, ina ganin bidiyon Turawa suna samun kuɗi sosai da sayar da tsofaffin kaya a Vinted da Poshmark. Ni ma zan iya daga Wudil?

Amsa: A'a 'yata, ba su buɗe wa masu sayarwa daga Najeriya ba. Vinted daga Lituweniya ya taso a 2008 kuma ƙarfinsa a Turai yake, Poshmark kuwa na Amurka da Kanada ne. Dukansu sun dogara ne da gidan waya da kamfanonin aike masu kai kaya ƙofar gida, suna kuma riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa. Kada ki biya kowa da sunan zai buɗe miki asusu a can da adireshin wani. Abin da za ki ɗauka daga bidiyon shi ne yadda suke rataye riga, da yadda suke ɗora tef a kanta su ɗauki hoto, da yadda suke nuna tambarin wuya. Ke kuma kina da abin da mai tambayar farko ba ta da shi: Wudil tana kan titin Kano zuwa Maiduguri, motocin Kano ba sa yankewa, ga kasuwar Juma'a da za ta kwashe miki abin da waya ta ƙi.